Ga matuƙan jirginmu masu zuwa ƙasashen sanyi

Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu a Damagaram hunturu ƙura ce da hazo, amma wanda aiki ya kai Faransa ko Kanada zai tarar da ƙanƙara kwance a fiffiken jirgi. Ku riƙe wannan: lokacin kariyar maganin hana ƙanƙara da ake fesa wa jirgi ana lissafa shi ne tun daga fara feshin ƙarshe, ba bayan an gama ba. Magani mai launin ruwan lemo, nau'i na 1, mintoci kaɗan yake yi in dusar ƙanƙara na zuba. Kore, nau'i na 4, ya fi kauri, ya fi jimawa. Jadawalin lokacin kariya na bana za ku duba, duk shekara ana sabunta shi.

In layin jiran tashi ya yi tsawo har lokaci ya ƙare, don Allah a koma a sake feshi. Jirgin Air Florida da ya faɗa kogin Potomac a 1982, da ƙanƙara a fiffikensa ya tashi.