Darasi na 6: Kwalbar Maganin Wanke Ciwo

Mutane da yawa sun ɗauka maganin wanke ciwo ba ya gurɓata, tunda aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne. Yana gurɓata. Akwai ƙwayar cuta mai suna Sudomonas da ke iya rayuwa har ta hayayyafa a cikin Savlon da aka surka da ruwa. Wanda ya wanke ciwo ko gaban mai jego da irin wannan, cutar ya shafa da hannunsa.

Babbar ɓarnar daga ƙari take zuwa. Magani ya yi ƙasa a ƙaramar kwalba, sai a ɗauko galan a cika ta. Ragowar nan ta gindin kwalba ita ce irin cutar, kuma za ta ɓata sabon gaba ɗaya. Ko cokali ɗaya ya rage, a zubar.

Kafin a sake zuba magani, a wanke kwalbar da murfinta da sabulu, a sa ɗan buroshi a goge wuya da zaren murfi, don nan datti ke maƙalewa. A ɗauraye, a nutsar da ita cikin ruwa a tafasa minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Robar da ba ta jure wuta, a jiƙa ta minti 20 a ruwan Jik: idan Jik ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, awo 1 nasa, awo 6 na ruwa. Sai a ɗauraye sau uku da tafasasshen ruwa. A kife ta ta bushe da kanta. Kada a goge ta da tsumma, don yana mayar da dattin da aka wanke.

Ruwan surki ma a tafasa shi, ko na burtsatse ne, balle na gulbi irin wanda ake ɗiba a ƙauyukan Argungu da Yawuri.

A manna takarda da sunan magani da ranar da aka zuba. Kada ya wuce mako ɗaya. Wanda aka surka kuwa, na yini ɗaya ake haɗawa. Kada a jiƙa auduga a ajiye cikin gwangwani. A tsiyaya a ƙaramin kwano, bakin kwalba bai taɓa komai ba, abin da ya rage kuma ba ya komawa ciki.

A ajiye a rufe nesa da taga, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu. Kwalbar lemo ba ta wannan aiki: yaro zai ɗauka ya sha.