Darasi na 7: Gyaran lambun gida a lokacin kaka kafin sanyi ya shigo

Toh jama'a, iyaye da 'yan uwa na wannan aji, yau darasinmu a kan lambun gida yake. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan gero da dawa, kowa hankalinsa na kan rumbu, amma wanda ke son cin tumatir da latas na gidansa a watan Janairu ko Fabrairu to yanzu ne zai tashi tsaye, tun daga watan Oktoba. Dalili kuwa, kayan lambu irin su tumatir, kabeji, karas, latas da albasa sanyin hunturu suke so. Tumatir musamman, in zafin Maris da Afrilu ya riske shi yana fure sai ka ga furen na zubewa ƙasa ba ɗa. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura da ke shan ruwan dam ɗin Tiga ba sa jiran sanyi ya kankama kafin su zuba iri.

Kafin ka ɗau fartanya fara auna ruwanka. Nan ne yawancinmu ke kuskure, mutum ya ga fili a tsakar gida sai ya nome shi kaf, sati 3 ana ban ruwa da zumuɗi, daga nan yara su gaji da jan guga, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka, lambu ya bushe. Ni kaina na taɓa yi, fangali 8 na yi a shekarar farko, guda 3 ne suka kai labari. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai sha kusan jarka ɗaya ta lita 25 kullum, in ƙasar jigawa ce ma ya fi haka. Sai ka zauna ka lissafa jarka nawa gidanka zai iya bayarwa a rana ba tare da an yi faɗa da uwargida ba, iya fangalin da za ka yi kenan. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk a tara a bokiti, yana da amfani. Amma ruwan wanki mai omo da bilic kar a zuba a gindin shuka.

Sai wuri. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 6, ba ƙarƙashin dalbejiya ko mangwaro ba. A share ciyawa da tsofaffin karan kuɓewa da yakuwa na damina. Wanda ya yi ciwo ko tsutsa ta ci a ƙone shi, sauran kuma kar a ƙone, a zuba a rami.

Wannan ramin shi ne ramin taki, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne ƙarfin lambun. A haƙa rami kamar zurfin gwiwa, a zuba busasshiyar ciyawa da ganye, a bi da kashin awaki ko na tumaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, sai a sake wani layin haka har ya cika a rufe da ƙasa ko tsohon buhu. Duk sati 2 a juya shi. In ka sa hannu ka ji ɗumi to yana aiki. Nan da wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi ya daina wari, sai ƙamshin ƙasa. Wannan na ƙari ne a tsakiyar rani. Takin fara shuka kuwa a nemi tsohon takin turke wanda ya riga ya ruɓe tun damina. Kashin kaji sabo yana da zafi sosai, ƙone saiwa yake, wallahi na ga wanda ya zuba shi a kan latas da yamma, kwana 2 ganyen ya koma kamar an babbaka.

Yanzu fangali. A damina kunya muke yi don ruwa ya wuce, a rani kuwa akasin haka ne, fangali ake yi mai ɗan zurfi da bakinsa a tashe don ya riƙe ruwa. A kafce ƙasa tun tana da sauran laima, don in Disamba ta yi sai ta zama kamar siminti musamman ƙasar laka. A farfasa hoge, a zuba taki kamar bokiti 2 a kowane fangali a cakuɗa, a jiƙa a bar shi sati guda. Ciyawar da ta tsiro a cire ta kafin shuka. Masu gidan haya da aka shafe da siminti kuma ba a bar ku a baya ba, buhun shinkafa ko tsohon bokiti a huda ƙasansa a cika da ƙasa da taki, yana ɗaukar tumatir ko attarugu gindi ɗaya.

Kar a manta da danga. Yanzu ne karan dawa ke da arha, wani wurin ma kyauta, nan da wata 2 sai da kuɗi. Danga tana tare awaki da kaji, tana kuma rage iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas mai busar da ƙasa da ƙura, don haka a fi ƙarfafa wannan ɓangaren.

Maganar iri, tumatir, tattasai, kabeji, latas da albasa reno ake fara yi a ɗan ƙaramin wuri sannan a dasa. A zuba iri a layi, a rufe da ƙasa sama sama, a ɗora busasshiyar ciyawa, da ya tsiro a ɗage ciyawar. Tsohon gidan sauro a lulluɓa a kai saboda ƙadangaru da tsuntsaye. Tumatir yana isa dashe a sati 3 zuwa 4, albasa sai sati 6 zuwa 8, kuma in ka samu irin albasar Galmi ta Nijar ja ɗin nan tana ajiyuwa. Karas shi ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai zauna, sai dai a rage shi in ya yi cunkoso. Dashe da yamma ake yi bayan la'asar a bi da ruwa nan take. Tsakanin gindin tumatir da ɗan uwansa a bar kamar kamu ɗaya, wato santimita 50.

Kuma kar a maimaita tumatir a inda aka cire tumatir ko gauta ko barkono, dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Masu wayo sun tuna 2016 lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka. A riƙa duba bayan ganye duk safiya, wanda aka ga zanen fari a jikinsa a tsinke a binne. Ganyen dalbejiya a daka a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, yana rage ƙwari.

Aikin gida: kowa ya auna filinsa da taku, ya rubuta jarka nawa yake iya samu a rana da fangali nawa hakan zai ba shi. Sannan in an zuba irin tumatir ranar 15 ga Oktoba aka dasa bayan sati 4, wace rana kenan? A rubuto amsa a littafi a zo da ita aji na gaba.