Yadda Ake Ware Gashin Ido Kafin a Manna Masa Ƙari

Ƙa'idar aikin ƙarin gashin ido ita ce kowane gashin kanti ya hau kan gashin asali guda ɗaya tak, ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Dalili kuwa shi ne gashin ido ba ya girma lokaci guda: wani yana tsirowa, wani ya tsaya, wani yana shirin faɗuwa. Idan gam ya haɗe guda biyu, mai girman zai riƙa jan maƙwabcinsa har ya tumɓuke shi, sai kwastoma ta dawo tana kukan zafi da ƙaiƙayi, idan abin ya maimaitu kuma gashin wurin ya yi ƙaranci.

Ki fara da rufe gashin ƙasa da abin da ake liƙawa a ƙarƙashin ido, sannan ki taje na sama da ɗan burushi. Hantsakin warewa yana hannun hagu idan ke ba bahaguwa ba ce, na ɗauko gashi kuma yana hannun dama. Ki shigar da bakin hantsakin a tsuke kusa da tushen gashi, ki sassauta shi a hankali har sauran gashin su kauce gefe da gefe, guda ɗaya ya rage a tsakiya. Ki duba da kyau, domin ƙananan gashi masu sabon tsiro sukan ɓuya a gindin manya, kuma su ba a ɗora musu komai.

Daga nan ki tsoma gindin gashin kantin a gam kaɗan, ki aza shi kamar rabin milimita zuwa milimita 1 daga fatar ido. Nan ne ake yawan gaggawa. Kada ki saki hantsakin hagu sai gam ya kama. Gam ɗin wannan aiki danshin iska ne ke sa shi ya kama, saboda haka da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙamas, yakan jinkirta, dole ki ƙara riƙewa. Da damina kuwa yana kamawa da wuri. Gashi na gaba ki ɗauko shi daga can nesa ko daga ɗaya idon, don na farkon ya samu ya bushe.

Idan kin gama, ki bi gashin ɗaya bayan ɗaya daga tushe zuwa baki. Duk inda kika ga biyu sun manne, ki riƙe kowanne da hantsakinsa ki raba su gefe da gefe a hankali, kada ki ja sama, sannan ki tabbatar babu na sama da ya kama na ƙasa kafin ki ce wa kwastoma ta buɗe ido.