Kurakuran da ke cinye makin ɗalibai a kwas ɗin tsara sana'a ta intanet

Kwas ɗin tsara sana'a, wanda ake koya wa ɗalibi yadda zai gane abin da ya iya, ya binciki ayyukan da ke akwai, ya rubuta CV, wato takardar tarihin karatu da gogewa ta neman aiki, ya kuma tsara matakan da zai bi bayan kammala karatu, ba kasafai ake faɗuwarsa saboda wuya ba. Ana faɗuwa ne saboda raini. Ɗalibi ya ga babu aji, babu mai kiran suna, kuma batun kansa ake yi, sai ya ajiye shi gefe har mako na goma. A nan Zariya, wannan ya shafi ɗan Samaru da ke karatu a cibiyar karatu daga nesa ta ABU, da ma'aikacin Sabon Gari da ya yi rajista da NOUN, jami'ar ƙasa ta karatu daga gida, da malamar makaranta a Tudun Wada da ta ɗauki kwas na wata jami'ar waje.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ƙin karanta takardar tsarin kwas, wadda malami ke ɗorawa a fotal, wato shafin makaranta na intanet, tun makon farko. Duk wata gardama da za ta taso daga baya, da ita za a yanke hukunci, ba da abin da wani ya faɗa a gurup ɗin WhatsApp ba. Abu huɗu za ka nema a cikinta ka kwafe a takarda: yadda aka raba maki, ranaku da lokutan rufe karɓar aiki, hukuncin makara, da dokar kwafe. Rabon makin ya fi komai muhimmanci. A NOUN, aikin zango, wato ayyukan da ake bayarwa kafin jarrabawa, yana da 30, jarrabawa 70. Wasu jami'o'in suna yin 40 da 60. Amma kwas irin wannan, musamman na ƙasashen waje, yakan jingina mafi yawan makinsa a kan ƙananan ayyukan mako-mako, wani ma ba shi da jarrabawar ƙarshe sam. A ce an ware maki 40 ga aikin zango, ka yi watsi da rabinsa: ka shiga jarrabawa da 20 ke nan in ma ka cinye sauran duka, kuma sai ka ci 50 cikin 60 kafin ka kai 70 ɗin da ake ba da A a kansa. Wanda bai yi wannan lissafin a makon farko ba, zai yi shi a makon ƙarshe, lokacin da ba ya da amfani.

Daga nan sai lokaci. Yawancin fotal suna rufe karɓar aiki da 11:59 na dare, kuma agogon na'urar makarantar ake bi, ba na wayarka ba. Idan kwas ɗin na Najeriya ne, babu matsala. Idan na Amurka ne, 11:59 na dare a New York ya yi daidai da 4:59 na asuba a Zariya daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sannan ya koma 5:59 a sauran watannin, domin su suna sauya agogo sau biyu a shekara, mu ba ma sauyawa. Shiga saitin fotal ka zaɓi lokacin Legas, komai zai fito maka da agogon gida.

Wutar lantarki da sabis kuwa, kowa ya san halinsu, kuma saboda kowa ya sani ne malamai ba sa karɓarsu a matsayin uzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa wa kanka wa'adin awa 24 kafin na malam. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Kafin ka buɗe tes mai ƙidayar lokaci, ka tabbata cajin waya ko kwamfuta ya fi rabi, domin a Moodle, manhajar da makarantu da yawa ke amfani da ita, agogon tes yana ci gaba da tafiya ko sabis ya yanke, ko ka rufe shafin. In ya yanke, ka koma da sauri ka ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka zauna jiran a sake buɗe maka. Lakcar kai-tsaye ta Zoom da bidiyo a kunne tana iya cin kusan gigabayit guda a awa ɗaya. Kashe bidiyon in ba a wajabta shi ba, murya kaɗai ba ta cin komai sosai.

Akwai wani tarko ƙarami da ke kama har masu ƙoƙari. Ɗora fayil daban, miƙa shi daban. A wasu ayyukan, bayan ka ɗora, fayil ɗin yana zama a matsayin daftari har sai ka danna maɓallin miƙawa ka tabbatar. Ɗalibi ya ɗora, ya rufe waya, ya kwanta da murna, alhali a wajen malam bai kawo komai ba. Bayan kowace miƙawa, duba abin da shafin ya rubuta, ka ɗauki hoton allon da kwanan wata a jiki. Ka kuma sake buɗe fayil ɗin ka gani ko shi ne daidai. In an ce PDF, to PDF; hoton takardar da aka rubuta da biro aka ɗauka a duhu ba ya maye gurbinsa. Sunan fayil ya ƙunshi lambar rajistarka da lambar aikin.

Inda aka fi asarar maki mai yawa shi ne ainihin ayyukan, kuma dalilin ɗaya ne: ɗalibi yana ba da amsar da yake ganin ana so, maimakon tasa.

Ɗauki gwajin gane kai da ake farawa da shi. Kwasa-kwasai da yawa suna amfani da tsarin John Holland, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda ya kasa sha'awar aiki gida shida: mai son aikin hannu da na'ura, mai son bincike, mai son ƙirƙira, mai son taimakon jama'a, mai son jagoranci da ciniki, da mai son tsari da ajiye bayanai. Gwajin yana fitar da uku da suka fi rinjaye a kanka. Babu amsar daidai a cikinsa, ba kuma sakamakon ake ba wa maki ba, sharhin da ka rubuta a kansa ake dubawa. Amma sai ka ga yaro ya cike shi da abin da Baba yake so, domin an riga an yanke a gida cewa likita zai zama, sakamako ya fito bai yi kama da shi ba, sharhin ya fita fanko. Cike shi da gaskiya. In sakamakon ya saɓa wa abin da kake karantawa, wannan saɓanin shi ne abin rubutawa, kuma shi malam ke nema. Sannan ka lura cewa jerin ayyukan da irin waɗannan gwaje-gwajen ke kawowa na kasuwar aikin Amurka ne, har da albashinsu. Kwafo su kai tsaye kuskure ne. Aikinka shi ne ka nemo takwaransu a nan, da takardun da ake nema kafin a shige su.

Haka hira da ma'aikaci. Ana buƙatar ka sami wanda ke yin aikin da kake sha'awa ka tambaye shi yadda yake. Da yawa suna ƙirƙirar hirar a ɗaki, kuma ana ganewa, domin amsoshin ba su da ƙura a jiki: babu sunan kayan aiki, babu abin da ke ɓata wa mai aikin rai. Ɗan Zariya ba shi da hujjar yin haka. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga cibiyar NITT ta harkar sufuri, ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken fata ta NILEST, ga kuma masu ɗinkin manyan riguna a cikin birni waɗanda sana'arsu ke da nata matakan koyo. Nemi izini tukuna, ka faɗi cewa aikin makaranta ne, ka roƙi minti 20 kawai. Tambaye shi ta ina ya shigo, me yake yi daga safe zuwa tashi, wace takarda ce ta yi masa amfani wacce ce ba ta yi ba, me sabon shiga ke yawan ɓatawa. Kada ka naɗi murya sai ya yarda. Kada ka tambayi albashinsa, tambayi abin da mai farawa ke samu. Kuma kada ka rufe hirar da "Yallaɓai, a taimaka mini da aiki". Wannan yana rufe ƙofar da ka buɗe.

CV ɗin da aka saya a shagon buga takardu ana gane shi tun daga nesa: jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, sannan jimlar nan ta buri wadda ɗalibai talatin suka kawo iri ɗaya. Bi ma'aunin da malam ya bayar. Shafi ɗaya ya ishi ɗalibi, biyu in yana da gogewa. A ƙarƙashin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu, ko koyarwar gwaji, rubuta abin da hannunka ya yi da yawansa, kamar ajin yara nawa ka riƙe da tsawon watannin, ba sunan wurin kaɗai ba. Adireshin imel ya zama sunanka ne, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba.

Tsarin shekara biyar da ake rufe kwas da shi ma haka. "Zan sami aikin gwamnati in sha Allahu" fata ne mai kyau, amma ba shi da matakin da za a ba wa maki. Tsari yana da kwanan wata da sharuɗɗa. Mai son koyarwa ya sa rajistar hukumar malamai ta TRCN, injiniya ya sa ta hukumar injiniyoyi ta COREN, akanta ya sa jarrabawar ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, mai son kasuwanci ya sa rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da inda jarin zai fito. Wanda zai haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ya sani takardar yafewa zai karɓa daga NYSC, don haka kada ya gina shekararsa ta farko a kan bautar ƙasa. Ka sa hanya ta biyu, domin malam zai tambaya.

Game da kwafe, manhaja irin Turnitin ba intanet kaɗai take dubawa ba, tana kwatanta aikinka da na ɗaliban da suka miƙa a baya, har na bara. Wanda ya ba da aikinsa aka kwafa yakan sha hukunci tare da wanda ya kwafa. ChatGPT da makamantansa kuwa, doka ta bambanta daga kwas zuwa kwas: wani ya hana, wani ya yarda in ka bayyana. Duba takardar. Kada kuma ka ba mai shagon intanet kalmar sirrinka ya riƙa miƙa maka aiki. Fotal tana ajiye tarihin duk abin da aka yi da sunanka, kai za a tuhuma.

In uzuri na gaskiya ya taso, rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa, rubuta wa malam kafin wa'adi ya cika, ta hanyar da ya ambata a takardar, ba kiran waya da tsakar dare ba. Yi sallama, ka kira shi da matsayinsa, Malam ko Dakta ko Farfesa, ka sa cikakken suna da lambar rajista da lambar kwas, ka faɗi uzurin a jimla biyu, ka haɗa takardar asibiti in akwai, ka ambaci ranar da za ka iya kawowa. Daina shiga fotal ba ya nufin ka ajiye kwas; in ba ka cire shi a rajista cikin lokacin da aka ware ba, F za ta fito maka, ta ja makinka na gaba ɗaya ƙasa. Duba shafin maki duk mako, in ka ga sifili a aikin da ka miƙa, tura hoton allon nan da ka ajiye a cikin makon.