Yadda na kwashe aikina zuwa rumbun ajiya na gida

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a gidan biki da suna, nan Maradi. Shekara shida ina tara aikin mutane a ƙananan diski biyar na USB, kowanne da takarda manne a bayansa, har ranar da ɗaya ya fara ƙas-ƙas alhali akwai bidiyon ɗaurin auren da masu shi ba su karɓa ba. Ranar na ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur da ke kwance a shago, na kakkaɓe mata ƙura, na sa mata sababbin diski biyu masu tera 4, na ɗora manhajar OpenMediaVault. Ta zama rumbu, abin da ake kira NAS, wato na'urar ajiya da sauran kwamfutoci ke zuba wa kaya ta waya ko Wi-Fi.

Diskin biyu na haɗa su RAID 1, wato abin da aka rubuta a wannan sai a rubuta a wancan. Filinka tera 4 ke nan, ba 8 ba. Haɗawar tana share duk abin da ke kansu, saboda haka kada ka kuskura ka sa diski mai kaya. Kafin ka zuba komai, yi musu dogon gwajin lafiyar diski da ake kira SMART, ko da zai ci wuni.

Manta da Wi-Fi, ja wayar intanet Cat5e tsakanin kwamfutarka da rumbun. Idan duka ɓangarorin gigabit ne, za ka samu wajen megabait 110 a daƙiƙa, tera ɗaya cikin awa uku. Ni akwatin intanet ɗina tsoho ne, ramukansa na megabit 100, wato kashi ɗaya cikin goma na gigabit, sai da tera ɗaya ta ci kwana guda cur. Daga baya na gane wautata, sai na soka diskin USB kai tsaye a jikin rumbun. Bidiyo na gudu. Dubban ƙananan hotuna ne ke jan ƙafa.

Abin da na fi so ka riƙe: kwafa za ka yi, kada ka yanke. Ina amfani da umarnin kwafa da ake rubuta wa rumbun, rsync -av. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sake ba da umarnin kawai, zai tsallake abin da ya gama. Idan ya ƙare, maimaita da -avnc. Wannan ba ya rubuta komai, karanta kowane fayil yake a ɓangarorin biyu, ya lissafo maka waɗanda suka saba. Yana da jinkiri ƙwarai, bar shi ya kwana yana yi. Masu Windows suna da robocopy na yin kwafa irin wannan.

Ondilar, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, kam dole ce, ko ƙarama, wadda za ta ba ka mintunan kashe na'ura lafiya. A watan Afrilu kuwa da dare nake kwafa, don zafin rana nan ba ya raga wa diski.

Tsofaffin diskin ban share su ba. Abin da ka goge bisa kuskure a rumbu, daga sababbin diskin duka biyun yake gogewa. Shi ya sa na naɗe tsofaffin a leda na kai gidan yayana a Tibiri, ƙarshen kowane wata in karɓo ɗaya in zuba masa sabon aiki.