Darasi na 9: Littafin Awo, Jakar Tafiya da Guzurin Hanya

A karanta wannan darasi sau biyu. Karon farko malama ta karanta da ƙarfi, ku kuma ku riƙa bin layi da yatsa. Karo na biyu kowace ta karanta layi uku, ta miƙa wa ta kusa da ita. Wadda ta zo da tef ɗin awo ta ajiye shi a gabanta, yau zai yi aiki.

Ni ba tela ba ce. Koko da ƙosai nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, daga asuba zuwa hantsi. Ɗinki sha'awa ce kawai. Keken hannu gare ni, Butterfly, gadon goggona, kuma idan na yi sallar la'asar na ɗora shi a kan teburi sai in manta da ciwon bayan da tukunyar koko ta bar mini. Ina yi wa jikoki riguna, ina yi wa na gida faci, ba na karɓar ko sisi. A irin bencin da kuke zaune ni ma na koyi baƙi, da furfurata.

Abin da ya kai ni aji kuwa yadi shida ne na atamfa. Za a aurar da 'yar ƙanwata a Nima, can Accra, aka fitar da yayi, wato anko. Na auna ƙanwata lokacin da ta zo ziyara, na riƙe lambobin a ka, don a ganina mai lissafin cinikin koko ba ta mantuwa. Bayan mako uku na zauna yanka, sai awon ƙirji da na mazaunai suka musanya mini wuri. Rigar ta fito kamar buhu, siket ɗin ya ƙi wuce cinya. Ƙanwata ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ai da kin bari na kai wa tela." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tef yana da fuska biyu

Ku ɗauki tef. Fuska ɗaya tana ƙarewa a 60, ita ce ta inci. Ɗayar tana kaiwa 150, ita ce ta santimita. Telolinmu da masu sayar da yadi da inci suke aiki, saboda haka ki zaɓi fuskar 60 ki tsaya a kanta. Kada ki auna ƙirji da wannan fuska, ƙugu da waccan.

A kula da lamba 6 da lamba 9. Idan tef ya juye, ɗaya takan koma ɗaya. Haka 36 da 63: lambobin iri ɗaya ne, wurin zamansu ne ya bambanta. Idan kika ga kin rubuta ƙirjin yarinya 63, kuskure ne, tef ɗin ma bai kai nan ba.

Ki sami ƙaramin littafi, irin na 'yan makaranta ya isa. Shafi ɗaya na mutum ɗaya. A sama suna da kwanan wata, a ƙasa waɗannan kalmomi, kowace da lambarta a gefe: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, tsawon hannu, tsawon riga, tsawon siket. Kwanan watan ba ado ba ne. Yaro yakan ƙara tsawo tsakanin ƙaramar salla da babba, mai jego kuma awonta na bara ba na bana ba ne.

Yanzu ku rubuta kalmomin nan bakwai a allo. Ku lura da ƙugiyar da ke kan ɗ a kafaɗa, da ta ƙ a ƙirji da ƙugu. Yadda maƙwabtanmu Asante ke da ɛ da ɔ a rubutun Twi, haka mu ma muke da ɓ, ɗ, ƙ. Wadda ta bar ƙugiya ta rubuta wata kalmar daban.

A kasuwar Kejetia, nan Kumasi

Yadi ɗaya inci 36 ne. Rabinsa 18, kwatansa 9. A kasuwanninmu cikakkiyar atamfa yadi 12 ce, amma yawancinmu rabi muke saya, yadi 6, wanda 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato ke kira turmi. Ga al'adar ƙasar nan akan raba shi uku: yadi 2 na kaba, wato rigar, yadi 2 na siket, yadi 2 na yafawa ko ɗaurin kai. Mai jiki takan ci ɗan wani abu daga kason na uku.

Kafin ki biya, ki buɗe bakin atamfar ki karanta. A nan ake buga sunan kamfani da lambar zane. GTP a Tema ake yin ta, ATL a Akosombo. Lambar zanen ita ce abin rubutawa a littafinki, domin idan yadi ya gaza kika koma kasuwa, "mai ganye-ganye shuɗi" ba adireshi ba ne, akwai irinta ashirin a shago ɗaya. Ki rubuta lambar shagon ma. Wadda ta taɓa ɓata a cikin sabon ginin Kejetia ta san dalili.

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira, ɗaya mai saye, ɗaya mai sayarwa.

"Salamu alaikum, Hajiya, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Mma. Me za a ba ki?"

"Waccan mai ruwan goro. Yadi shida nawa?"

"Miliyan uku da rabi, don ke ce."

"Haba Hajiya, ni da ke? A bar mini a miliyan uku."

"Albarka. Ƙara ashirin ki ɗauka."

Nawa aka yi ciniki? Kada kowa ta firgita da jin miliyan. A watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin Ghana, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1 na yanzu, amma bakin mutanen kasuwa bai sauya ba, har gobe wasu da tsohon lissafi suke magana. Dabarar ita ce ki rubuta lambar, ki soke sifiri huɗu na ƙarshe. 1,000,000 ya zama 100. To miliyan uku sidi 300 ke nan, da ashirin ɗin da aka ƙara, 320. Farashin nan na koyon lissafi ne, a gida ki sa na kasuwar yau a madadinsa. Idan kin miƙa takardar 200 guda biyu, canjin nawa za a ba ki? Idan ta waya za ki tura, ki karanta sunan da ya fito a fuskar wayar da ƙarfi, mai shago ta amsa cewa nata ne, sannan ki danna lambar sirri.

Jakar ƙyalle

Atamfar da na ɓata ban yar ba. Daga siket ɗin da ya ƙi shiga na fitar da jakar da nake tafiya da ita har yau, kuma ita za mu ɗinka a wannan mako, don ba ta buƙatar zik ko maɓalli.

Ki yanka ƙyalle biyu, kowanne tsawo inci 16, faɗi inci 14. Ki yanka wasu biyu daidai da su daga tsohon zani mai ƙarfi, su ne shafi na ciki. Ki zana layi da alli kafin almakashi ya taɓa yadi, ki sake aunawa bayan kin zana. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, saboda haka faɗin jakar idan an gama zai zama 13: an cire rabi a dama, rabi a hagu. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su yanka daidai girman da suke so, su manta da rabon allura.

Ki haɗa fuska da fuska, ki ɗinke gefe biyu da ƙasa, ki bar baki a buɗe. Haka za ki yi wa shafin, amma kafin ki haɗa shi ki ɗora masa aljihu, inci 7 da inci 6. Wannan aljihu shi ne ran jakar. Nan Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ke zama, da tikiti, da littafin awo. Hannayen jaka guda biyu ne, kowanne tsawo inci 22, faɗi inci 4. A naɗe gefe da gefe zuwa tsakiya, a sake ninkawa, a bi da ɗinki. Inda hannu ya haɗu da jaka ki maimaita ɗinkin sau uku, can ne take fara tsinkewa idan an loda mata burodi. Sai ki zura shafi a ciki, ki kalmashe baki, ki zagaye.

Wadda ba ta da keke ta yi da hannu. Zare biyu a allura, taku ƙanana, kowane taku ki ɗan koma baya. Ya fi ɗaukar lokaci, amma na ga ɗinkin hannun da ya binne na keke.

Lissafi: hannaye biyu masu inci 22, idan aka jera su a tsaye, inci nawa ne? Sun wuce yadi ɗaya ko ba su kai ba? Da nawa?

Daga Asafo zuwa Circle

Tsakanin Kumasi da Accra wajen kilomita 250 ne. Manyan motoci daga Asafo a Kumasi suke tashi, su sauke a Circle a Accra, inda za ki hau tiroto, wato ƙaramar motar haya, zuwa Nima ko Mamobi. Tafiyar takan ci awa biyar ko shida, wani lokaci fiye, gwargwadon cunkoson shiga gari. Abu uku za ki nema a tikiti: kwanan wata, lambar kujera, da kuɗin da kika biya. A kwanan wata rana ce farko, sai wata, sai shekara. 5/8 na nufin biyar ga Agusta, ba takwas ga Mayu ba. Babban kaya kuɗinsa daban, idan an ba ki 'yar takardarsa ki jefa a aljihun nan.

Da can idan na shiga mota barci nake yi, ko in dami na kusa da ni da "ɗana, ina muka kai?" Yanzu allunan hanya nake karantawa, kuma babu allon aji da ya kai su koyarwa, don mota ba ta jiran mai haɗa baƙi. Ga su a jere kamar yadda za ki same su: Ejisu, Konongo, Nkawkaw, Anyinam, Suhum, Nsawam. Ku kwafe su. Nkawkaw ta fi ba ni wahala, sai da na gane cewa kaw ce sau biyu da N a gaba. Idan kin ga duwatsun Kwahu sun tokare sama, kin iso ta. Daga Ejisu kuma hanya ke ratsewa zuwa Bonwire, garin masaƙan kente. Mai son zare ta je ko sau ɗaya ta ga yadda ake saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, a jera a ɗinke ya zama zane guda.

Abin da za a ci

Motar takan tsaya sau ɗaya a hanya, a yi fitsari, a yi alwala, a sayi abin taɓawa. Ni dai da guzurina nake tafiya, don ba kowane nama na san wanda ya yanka ba. Amma ba kowane abinci ke jure mota ba. Waakye, wadda sunanta ma daga bakinmu ya fito, wake da shinkafa, idan aka naɗe ta da zafi a ganye da asuba, a ci ta kafin azahar. Kada a zuba mata miya ko taliya tun daga gida, shito, wato soyayyen yaji, kaɗai a ƙaramin kwalba. Fura da burkina su zauna a gida in babu ƙanƙara, nono ba ya son zafin mota. Masu jurewa su ne dambun nama, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, dabino, da garin rogo da sukari a leda. Burodi kuwa a bari sai Nsawam, shi ne tsarabar da yaran Nima ke leƙa jaka su nema tun ba ki zauna ba.

Girki ma awo ne, olonka, wato mudunmu, da gwangwani su ne tef ɗinsa. Waakye tawa gwangwanin shinkafa biyu ce ga gwangwanin wake ɗaya. Waken nake jiƙawa tun dare, in fara dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa har ruwan ya yi ja, waken ya kusa nuna, sannan in tsame karan in zuba shinkafa. Kanwa kaɗan, in ta yi yawa ɗaci take kawowa. A gidan biki aka ce mini za a dafa shinkafa gwangwani 14. Wake nawa za a jiƙa? Wadda ta samu ta ɗaga hannu, kada ta faɗa wa maƙwabciyarta.

Aikin gida

Ki auna mutum ɗaya a gidanku, ki rubuta awonsa bakwai a shafin farko na littafinki, da suna da kwanan wata. A shafi na biyu ki rubuta abu biyar da za ki saka a jaka idan za ki Accra gobe, da kuɗin kowanne, ki haɗa jimla. Ranar Asabar kowace ta zo da ƙyallenta huɗu a yanke, da allura da zare. Wadda ba ta da almakashi mai kaifi kada ta yanka da reza, ta zo da yadin haka nan, akwai nawa a aji.