Yadda za ka sake auna nasara da mudun gidanka

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da yawa a Sakkwato ke kwana da damuwa biyu: tsadar kayan masarufi, da kuma jin cewa sa'anninsu sun yi musu nisa. Ta biyun ce ta fi cin rai, kuma ita ce mutum ke iya magancewa da kansa.

Ka fara da takarda da biro bayan sallar isha'i, ka rubuta abin da gidanka ke ci a wata: gero ko shinkafa, kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, magani, haya, da ɗan abin da kake kai wa iyaye. Jimillar da ta fito ita ce abin da ya ishe ka. Wanda bai san wannan adadi ba, ko nawa ya samu zai ga bai kai ba.

Sannan ka ware abin da kake kashewa don idon jama'a, domin nan ne ɓarnar take. Na ga maƙwabci ya jinginar da fadamar albasarsa don ya cika akwatunan lefe goma sha biyu, aka yi guɗa kwana uku, ya shekara biyu yana sauya hanya idan ya hango mai bashi. Kafin kowane biki ko suna, ka zauna da uwargida ku yanke iyakar abin da za ku kashe, ku tsaya a kanta ko da dangi sun yi gunaguni.

Waya ma tana buƙatar linzami, don mai ɗora hoton sabuwar mota a Facebook ba ya ɗora takardar bashinta. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umurce mu da duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya, kuma a garin nan ba ma rasa abin koyi: an ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da tufkar igiya yake ciyar da kansa duk da daular da ke hannunsa.

A bayan takardar, ka rubuta abin da kuɗi ba ya saye amma kake sakaci da shi, kamar cin tuwon dare tare da yara ko gaida gwaggonka da ke Wurno. Ka sa wa kowanne rana, ka sake duba takardar idan wata ya kama.